Maraya ɗan giwa da maraya ɗan Adam

Jiya bayan sallar Isha'i wani matashi ya nuna mini bidiyo a wayarsa: ɗan giwa an lulluɓe shi da bargo, wani mutum na ba shi madara a kwalba. Ya ce, "Malam, don Allah wannan ba almubazzaranci ba ne? Ga marayu a unguwarmu suna kwana da yunwa."

Ban amsa masa nan take ba, don tambayar ba ta wasa ba ce.

Wurin yana Nairobi ne, ƙasar Kenya, gidauniyar Sheldrick da aka kafa a 1977. Aikin akwai wahala. Ɗan giwa madarar saniya ba ta karɓe shi, sai da aka ɗau shekaru kafin a gano haɗin madarar jarirai da man kwakwa. Duk bayan awa uku ake shayar da shi, dare da rana, masu kula da shi har kwana suke yi tare da shi. Idan ya tasa a kai shi dajin Tsavo, a yi ta saba masa da garke shekara da shekaru kafin ya koma cikin 'yan uwansa. Kuɗi kam ana kashewa.

Gaskiyar matashin nan ita ce, in abin da ke hannunka bai wuce na ciyar da mutum ɗaya ba, maƙwabcinka ne a gaba. Ba na jayayya a nan.

Amma 'yan uwa, wa ya mayar da ɗan giwan maraya? Da yawansu an harbe uwayensu ne saboda haure, wasu kuma sun faɗa rijiyar da mutum ya haƙa. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata. Ku lura, bai kira abin sadaka ba. Haƙƙi ne aka ɗauka, aka ce a mayar. To uwar giwa ta mutu, ba wadda za a mayar wa. Abin da ya rage shi ne renon ɗan, kuma ni a fahimtata wannan ya fi kusa da biyan bashi.

Da na gama, sai na tambaye shi nawa ya ba marayun unguwar a watan nan. Ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Ni ma da na tambayi kaina, shiru na yi.

Wallahu a'alam.