Kare A Jirgin Sama: Jinƙai Ne Ko Almubazzaranci?

A shekarar 2008 wata mata mai suna Debi Boies, a Jihar Karolina ta Kudu cikin ƙasar Amurka, ta so ta ɗauki riƙon wani kare da aka ceto a Jihar Fulorida. Da yake tafiyar da nisa, sai wani matuƙi, Jon Wehrenberg, ya ɗauko mata shi a ɗan ƙaramin jirginsa. Daga nan ne su biyu suka kafa ƙungiyar Pilots N Paws, wadda ke haɗa masu ceton dabbobi da matuƙan sa kai. Dalili kuwa shi ne gidajen tsare karnukan da ba su da mai su sukan cika maƙil, musamman a jihohin kudu, kuma wanda ya daɗe bai sami mai ɗauka ba akan kashe shi da allura. Matuƙin shi ke sayen mai da kuɗin aljihunsa. In hanya ta yi tsawo, sai wannan ya miƙa wa wancan, zango zango.

To, mai hankali zai iya tambaya, ashe ba ɓarna ba ce a ƙona man jirgi saboda kare alhali ga 'yan Adam suna kwana da yunwa? Tambayar tana da nauyi, don kuwa shari'a ta jera haƙƙoƙi daki-daki. Wanda ya bar iyalinsa ba ci ba sha ya tafi ceton kare, lalle ya saki reshe ya kama ganye.

Amma fa kasancewarsa kare ba ta fitar da shi daga cikin abin tausayi ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya, ya ciko huffinsa, ya riƙe shi da baki har ya hawo ya shayar da shi, Allah kuwa Ya gafarta masa. Da Sahabbai suka yi mamaki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa akwai lada a kyautata wa kowane mai rai. A mazhabar Imam Malik ma kare mai rai ba najasa ba ne; wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umurni ne kawai. Abin lura a labarin nan shi ne mutumin bai tsaya neman guga ba, abin da ke ƙafarsa ya ciro. Matuƙi kuwa jirgi ne a hannunsa.

Har ila yau, batun man nan ba kamar yadda ake zato ba ne. Dokar Amurka ta hana matuƙi ɗaukar fasinja sai in ya tashi ya sauka sau 3 cikin kwana 90 da suka wuce, saboda haka masu ƙananan jirage kan yi shawagi don kada hannu ya mutu, ko da kare ko babu. Wanda ya ɗora keji a kujerar baya, tafiyar da dā ma zai yi ce ya sanya wa amfani.

Inda tuhuma ta fi cancanta shi ne wajen waɗanda ke ɗaukar kare don sha'awa, in sun gaji su watsar. Shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta ko kiwo ko tsaron gona, ta kuma ɗora cinsa da shansa a wuyan mai shi. Jirgi yakan kwashe 'yan kaɗan ne ya tashi, kafin mako ya zagayo an sāke cika kejin da ya bari.