Kwana 45 da Suka Koma Shekaru

Ranar 2 ga Disamba 2016, Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya ba gwamnati kwana 45 ta saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa Zeenah, ta kuma biya su diyyar naira miliyan 50. A lokacin sun kusa shekara a tsare tun rikicin Zariya na Disamba 2015, ba a gurfanar da su gaban kowace kotu ba. Gwamnati ta ce don kare rayukansu take ajiye da su. Alƙali bai karɓi wannan hujja ba, ita kuma ba ta bi umarninsa ba. Sai a 2018 aka tuhume su, a Yuli 2021 Babbar Kotun Jihar Kaduna ta sallame su.

Mu faɗi gaskiya, da yawanmu ko a jikinmu. Wasunmu ma daɗi suka ji. Mun tuna yadda almajiransa ke tare hanya ranar tattaki, mun tuna saɓanin aƙida, sai muka gama yanke hukunci a teburin mai shayi.

Amma shin haƙƙin wanda aka kama ladan kyawun hali ne? Sashe na 35 na kundin tsarin mulki bai tambayi ko muna ƙaunar mutum ba. Ya ce a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana iya yin shiru har ya ga lauya. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai ta a tazarar kilomita 40. Abin da masoyinmu kaɗai ke samu, sunansa alfarma.

Ba mu raina fargabar jami'in tsaro ba. In ya ce sakin wani zai jawo zubar da jini, wani lokaci gaskiya yake faɗi. Sai dai wa zai auna maganarsa? Mai riƙe da makulli ba ya zama alƙalin kansa, shi ya sa aka je kotu. Da kotun ta yi magana aka yi biris da ita, mu kuma muka yi shiru.

Zakzaky yana da lauya irin Femi Falana da dubban mabiya masu fita titi, duk da haka ya haura shekara biyar a tsare. To ina ga ɗan acaɓan da aka kama a madadin yayansa, abin da dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta ƙarara? Uwarsa na can tana neman mai sayen akuyarta, don ta biya belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne.