Dinari Biyu a Hannun Mai Masauki

Karatu: Luka 10:30-35

Labarin Basamariye mai jinƙai babu wanda bai san shi ba, har yaran makarantar Lahadi. Mu kan yi wa'azi a kan firist da Balawi da suka ratse, da mai da ruwan inabi da aka zuba a raunuka. Amma aya ta 35 mu kan wuce ta da gaggawa. A can ne aka gaya mana abin da ya faru kashegari. Basamariyen ya ciro dinari biyu, watau ladan ƙodago na kwana biyu, ya bar su a hannun mai masauki, ya ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru in ya komo, sa'an nan ya kama hanyarsa.

Ku lura da wannan. Daga ran nan ba shi ne ya wanke raunukan ba, ba shi ne ya kwana a zaune ba. Wani ne ya yi, wanda ya ke da ɗaki da lokaci da sanin jiyya. Duk da haka Ubangiji ya haɗa kuɗin nan cikin jinƙan mutumin. Akwai jinƙan da mu ke yi da hannunmu, akwai kuma wanda mu ke yi ta hannun wani da ya fi mu sani, a lokacin da ba mu nan. Wannan na biyu ne na ke so mu duba, ta wurin wata cuta mai wuya ƙwarai.

Ita ce ciwon daji na ƙwaƙwalwa. Ƙarin da kan fito cikin kai iri iri ne, sun fi ɗari. Waɗansu masu sauƙi ne, likita ya kan fiɗe ya cire, mutum ya koma gonarsa. Amma akwai wanda likitoci su ke kira glioblastoma, shi ne mafi tsanani ga manya. Halinsa kamar na aya-aya ne a gona, ka nome ta yau, saiwarta tana ƙasa. Ya kan miƙa jijiyoyi cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa, likita kuwa ba shi da ikon yanka yadda ya ga dama, gama nan ne mazaunin magana da gani da tunani. Banda wannan, Mahalicci ya sa wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa domin kada dafi ya shiga. Shingen nan alheri ne, amma ba ya bambanta dafi da magani, yawancin magunguna a bakinsa su ke tsayawa.

A ƙasar Ingila, wajen ƙarshen shekarun 1970, wani malamin haɗa magunguna mai suna Malcolm Stevens da abokan aikinsa a Jami'ar Aston ta birnin Birmingham suka shiga neman sabon maganin ciwon daji. Wata ƙungiyar taimako mai suna Cancer Research Campaign ta tsaya musu da kuɗi. Irin ƙungiyoyin nan daga hannun talakawa su ke samu. Wani ya kai tsofaffin tufafinsa kantin ƙungiya a sayar, wata ta yi tseren gudu abokanta su biya, wani tsoho ya rubuta cikin wasiyyarsa a ba su wani kashi na abin da ya bari. Ƙungiyar ta haɗu da wata a 2002 suka zama Cancer Research UK, wadda ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na bincikenta da kuɗin wasiyya a ke yinsa. Watau mutanen da sun riga sun kwanta ne su ke biya wa masu rai.

Maganin farko da suka haɗa ya yi aiki sosai a jikin ɓeraye. Da aka gwada shi a jikin mutane sai ya ɓata musu ɓargo, dole aka ajiye shi. Shekaru sun tafi, kuɗi sun tafi. Da a ce ekklesiya ce irin tamu, ina tsammani a nan ne wani dattijo zai miƙe ya ce a rufe asusun, an yi asara. Ba a rufe ba. Suka sāke ginin maganin kaɗan, suka sami wani da a ke kira temozolomide, wanda ya ke iya ƙetare shingen nan, ana kuwa haɗiyarsa kamar kowace ƙwaya. A 1987 aka ba da labarin aikinsa, aka gwada shi ga marasa lafiya a asibitin Charing Cross na London. Daga baya wani kamfani ya karɓa ya ci gaba, a 1999 hukumomin Turai da Amurka suka yarda a yi amfani da shi. Shekara wajen 20 ke nan. Da yawa cikin waɗanda suka jefa kuɗinsu a farko ba su ga ranar ba.

To, me aka samu? Ba zan ɓoye muku ba. A 2005 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a kan mutum 573. Waɗanda aka gasa musu wurin ciwon da hasken na'ura kaɗai, rabinsu sun wuce wata 12. Waɗanda aka ƙara musu ƙwayar nan, rabinsu sun wuce wata 14 da rabi. Bayan shekara biyu, mutum 10 cikin 100 ne suka rage a kashi na fari, a kashi na biyu kuwa fiye da 26. Ba warkarwa ba ce, har yau ba a sami mai warkar da glioblastoma ba. Mai lissafi zai ce, shekara 20 da dukiya mai yawa domin wata biyu da rabi? Amma mu da aikinmu ya kan kai mu bakin gadon masu mutuwa mun san abin da wata biyu ya ke. Cikinsa uba ya kan aurar da 'yarsa, 'yan'uwan da suka yi shekara goma ba su gaisa ba su kan shirya, mutum ya kan daidaita tsakaninsa da Allahnsa. Kada wanda ya ke da lafiya ya yi saurin rena kwanakin wanda ba shi da ita.

Sai dai kuɗi ba su jiyya da kansu. Da Basamariye ya isa masaukin ya tarar babu kowa, da dinarinsa ba su yi wa mai rauni kome ba. Wannan ma Ingila ta gani. Wata 'yar majalisa, Tessa Jowell, wadda ta taɓa zama minista, ta kamu da ciwon nan a 2017. Cikin Janairu 2018 ta tsaya a majalisar dattawan ƙasar ta yi roƙo domin masu irin ciwonta, cikin Mayu ta rasu. Gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 40 domin bincike, Cancer Research UK kuma ta ƙara miliyan 25. Amma a 2023 waɗansu 'yan majalisa suka bincika, suka ce wajen miliyan 15 ne kaɗai aka fitar daga kuɗin gwamnati. Ɗaya cikin dalilan da aka bayar shi ne, ba a sami isassun shirye-shiryen bincike da suka cancanci a ba su ba. Masu aikin kaɗan ne. Saurayi mai ƙwazo ba zai ba da ransa ga fannin da ba shi da tabbacin abinci a cikinsa ba, in kuwa samari ba su shiga ba, ranar da kuɗi suka zo babu mai karɓa.

Domin wannan ƙungiyoyin taimako su kan ware kuɗi domin mutane, ba domin na'urori kaɗai ba. Su kan ɗauki albashin matashin likita ko mai bincike na shekara ɗaya ko uku, domin ya zauna ƙarƙashin gwani ya koya. Ƙungiyar da aka kafa da sunan Tessa Jowell tana da irin wannan shiri na horon likitocin ciwon dajin ƙwaƙwalwa. Ba a iya ɗaukar hoton irin baikon nan a liƙa a bango, amma shi ne ya kan fi daɗewa, gama mutum ɗaya da ya koya zai koya wa goma.

Mun ga haka a ƙasarmu. Likita Latunde Odeku ya yi shekaru yana koyon fiɗar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya komo a 1962 ya fara aikin a asibitin koyarwa na Ibadan. Ya rasu a 1974 bai kai shekara 50 ba, amma ƙofar da ya buɗe ba ta rufu ba. A Galmi ta ƙasar Nijar kuma, asibitin mishan da ya ke nan tun 1950, an horar da likitocin fiɗa ta hannun wata ƙungiyar Kirista mai suna PAACS, wadda ta ke dogara ga baikon masu bi. Horon shekara biyar ne, bayan mutum ya riga ya zama likita.

Bari in ɗan ratse. In babban mutum wanda bai taɓa farfaɗiya ba ya fara faɗuwa, ko ciwon kai ya dame shi da asuba har da amai, ko gefen jikinsa ya mutu, ko halinsa ya sāke farat ɗaya, kada mu ce iska ce ko sammu mu tsare shi a gida. Mu yi addu'a, mu kuma kai shi inda za a ɗauki hoton kansa. Ba kowane ne ciwon daji ba, waɗansu kuwa ana cire su in an zo da wuri.

Yanzu, 'yan'uwa, ba na cewa ekklesiyarmu za ta gina ɗakin bincike. Amma mu dubi yadda mu ke bayarwa. In rufin kwano ne, ko lasifika, hannu ya kan saki, gama ido zai gani, za a kuma kira suna. In ɗan'uwa ya kwanta mu kan yi gudummawa, wannan kuwa daidai ne. Amma yarinyar da ta sami shiga makarantar nas, ko yaron da ya ke shekara ta uku a karatun likita, su kan dawo gida saboda kuɗin makaranta, ba wanda ya ɗauke shi maganar ekklesiya. Rana ta zo muna kuka babu likita.

Na san abin da waɗansu za su ce: mu biya masa, ya gama ya tafi Turai. Gaskiya ne, da yawa sun tafi. Maganin wannan alkawari ne a rubuce tun farko, cewa zai yi wa jama'a aiki shekara kaza. Waɗansu kuma suna tsoron a cinye kuɗin. Manzo Bulus ma ya san da wannan tsoro, shi ya sa cikin 2 Korantiyawa sura 8 bai riƙe gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya sa Titus da 'yan'uwan da ekklesiyoyi suka amince da su. Ƙungiyoyin taimako na Ingila doka ta sa su bayyana lissafinsu kowace shekara, mu da mu ke kira bisa sunan Ubangiji bai kamata mu gaza su ba.

Roƙona ga dattawa shi ne, a taron majalisa mai zuwa sakatare ya rubuta sunayen 'ya'yan ekklesiya da su ke karatun likita, da nas, da haɗa magunguna, da aikin gwajin jini, a san shekarar da kowa ya ke da abin da ya rage masa. Ma'aji ya buɗe littafi dabam domin wannan, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da ko kwabo, a kuma karanta lissafin a gaban jama'a kowane wata uku.