Shirun Kunya a Kan Dutsen Ƙanƙara

Yau za mu leƙa ƙasashen sanyi da wata tambaya: wanda ya hango haɗari ya yi shiru saboda kunyar manya, in abin ya auku, yana da alhaki ko babu?

A Turai da Amurka akwai masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su gangaro daga tsauni. Wasunsu ba sa tsayawa a filayen da aka gyara, sai su shiga bayan dutse inda ba mai gadi. Can haɗarin yake. Ƙanƙarar tana kwanciya ne hawa-hawa, kamar buhunan da aka jibge a tirela. In hawan ƙasa bai kama ba, nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle na sama, ya zaftaro gaba ɗaya. An fi samun haka a gangare mai digiri 30 zuwa 45. Kuma yawancin waɗanda ta kashe, su da kansu ne ko wani abokin tafiyarsu ya tayar da ita.

Ba kuma a bar su cikin duhu ba. Tun 1993 Turawa suka daidaita ma'aunin haɗari daga 1 zuwa 5, kuma a Suwizalan wata cibiya a garin Davos tana fitar da sanarwa kullum a lokacin sanyi. Abin mamaki, an fi mutuwa a mataki na 3. A na 5 ai kowa yana ɗaki. A na 3 ne zuciya take cewa wataƙila a sha.

A watan Fabrairun 2012, a wani wuri da ake kira Tunnel Creek a jihar Washington ta Amurka, mutum 16 suka fita tare, akasarinsu gwanayen wasan. Ƙanƙara ta zaftaro, uku suka rasu. Daga baya wasu cikin waɗanda suka tsira suka ce tun farko hankalinsu bai kwanta ba, amma ganin irin ƙwararrun da ke wurin, sai suka ja bakinsu. Kowa na zaton na kusa da shi ya fi shi sani.

To, mu mun san wannan shirun. Mun taso ana koya mana cewa yaro ba ya gyara wa babba magana, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba mu raina ta ba. Amma an yi kunya ne don ta kare mutuncin mutum, in kuwa ta kai shi kabari, me ta kare?

Wani zai ce ai ajali ne. Haka ne. Sai dai mu tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke. Ya tara mutane ya nemi shawara, aka saɓa a gabansa, har Abu Ubaida ya ja da shi a fili, daga ƙarshe ya juya da ayarin. Su da suka fi mu imani da ƙaddara, ba wanda ya rufe baki.

A ganinmu mai shirun yana da alhaki, amma bai kai na jagora ba. Ƙaramin yana tsoron a ce masa matsoraci, kuma sau da yawa za a sauka lafiya a yi masa dariya. Shi ya sa masu koyar da hawan dutse suke cewa a yi sharaɗi tun daga gindi: in mutum ɗaya ya ce a koma, kowa ya koma, ba sai ya kawo hujja ba.

Ku dubi kayan da suke ɗauka ma: na'urar da ke nuna inda aka binnu, doguwar sanda ta tsira ƙanƙara, da shebur. Sandar da shebur ba su da amfani ga mai su in shi ne a ƙasa. Don ɗan'uwansa ya ɗauko su. Wanda aka tono cikin minti 15 yawanci yakan rayu. In aka haura rabin awa, mafi yawa gawa ake fitarwa, kuma jirgin ceto ba kasafai yake isowa kafin nan ba.