Shin Ya Dace Ma'aikacin Jinya Ya Biya Kuɗi a Ƙofar Wurin Aikinsa?



Ya 'yan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako daga ƙasar Ingila ta taso, amma kamar yadda za ku gani nan gaba, ta shafe mu har a Gwandu da Kalgo. A can Ingila, asibitocin gwamnati da yawa suna karɓar kuɗi daga hannun ma'aikatansu, watau nas-nas da unguwarzoma da likitoci, saboda ajiye mota a harabar asibitin da suke yi wa aiki. Da annobar korona ta ɓarke a watan Maris na 2020, gwamnati ta ɗauke musu wannan kuɗi domin nuna godiya, amma a ƙarshen watan Maris na 2022 aka janye rangwamen, sai dai an bar masu aikin dare ba su biya. Maƙwabtansu na yankin Sukotlan kuwa tun ƙarshen shekarar 2008 suka soke kuɗin a yawancin asibitocinsu.

To, tambayar ita ce: wanda ka ɗauka aiki, ka yanka masa lada, ya dace ka tsaya a bakin ƙofa ka karɓi wani abu daga ladan nan kafin ya shiga ya yi maka aikin?

Masu karɓar kuɗin suna da hujjojinsu, kuma adalci ne mu saurare su. Sukan ce fili kuɗi ne, gyaransa da gadinsa kuɗi ne, idan ma'aikaci bai biya ba to daga kuɗin maganin marasa lafiya za a cire. Sukan kuma ce ai ba kowane ma'aikaci ke da mota ba, don me za a ɗauki nauyin mai mota a ƙyale mai zuwa da ƙafa? Har ila yau malaman fiƙihu sun yarda cewa al'adar gari ita ke yanke hukunci a kan abubuwa da yawa na ƙwadago, kamar wanda zai kawo kayan aiki tsakanin mai aiki da ma'aikaci.

Amma fa akwai abubuwa uku da ya kamata mai hankali ya auna. Na farko, sharaɗi ne a babin ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada, ladan ya zama sananne tun wajen ƙulla yarjejeniya. Idan mai biyan albashi shi ne kuma mai filin, yana da ikon ƙara kuɗin ƙofa duk ran da ya ga dama, alhali ma'aikaci ba shi da wata hanya sai ya biya, to albashin da aka ambata a takarda ya zama suna kawai, domin ba wanda ya san abin da zai saura a hannu. An ba shi da dama an karɓe da hagu.

Na biyu, ku dubi hukuncin ƙirali a mazhabarmu ta Malikiyya, watau mutum ya ba wani jari ya yi fatauci su raba riba. Malamai sun ce idan farken ya yi tafiya da dukiyar, kuma dukiyar mai yawa ce, abincinsa da tufafinsa na tafiyar daga cikin dukiyar za su fita gwargwadon al'ada. Hikimar a fili take: ɗawainiyar da aiki ya jawo, aikin ne ke ɗaukarta. Nas da ta tashi daga aiki da tsakar dare, ko aka kira ta da asuba saboda mai naƙuda, larurar aikin ce ta sa ta buƙaci abin hawa a kusa.

Na uku, mu mutanen wannan ƙasa muna da tarihi a kan irin wannan. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ɗabi'un sarakunan da ya yi wa wa'azi, daga ciki har da ɗora wa talakawa kuɗaɗen da Shari'a ba ta ɗora ba, kamar jangali da kuɗin gari, da abin da ake ɗiba daga hannun masu sayarwa a kasuwa. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki kan tsayawa ga abin da ya halatta. Darasin da suka bar mana shi ne, buƙatar hukuma ga kuɗi ita kaɗai ba ta halatta mata kowace hanya ta samun su, balle a tatsi wanda ba shi da ikon cewa a'a.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, tun da ba wannan ne kukan ma'aikatanmu ba? To, jama'a, suna ne ya bambanta. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu, kuma ma'aikacin da ke tasowa daga Birnin Kebbi zuwa babban asibitin Kalgo, ko wanda aka tura ɗakin shan magani a wani ƙauyen ƙasar Gwandu, shi ya san abin da babur ke ci daga albashinsa kowane wata. Zirga-zirgar gida dai al'ada ta ɗora wa ma'aikaci, amma a wurare da dama na ƙasar nan har safar hannu da fitilar duba majinyaci in an ɗauke wuta daga aljihunsa suke fita. A ƙarshen watan Yuli na 2025 ƙungiyar nas-nas da unguwarzoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunta akwai kuɗin aikin kwana da kuɗin tufafin aiki. Dubban ma'aikatan jinyarmu sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun nan, da yawansu zuwa Ingilar da ake biyan kuɗin ajiye mota, domin sun lissafa sun ga duk da haka abin da zai saura musu can ya fi. Wanda ya yi asara shi ne majinyacin da ya kwana a layi ba mai duba shi.

Magabatanmu ba haka suka riƙi masu jinya ba. A zamanin Yaƙin Gwalalo, cikin masallacin Madina aka kafa wa Rufaida, Allah Ya yarda da ita, hemar da take jinyar masu rauni, watau wuri mafi daraja aka ba ta. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 kuwa, da waƙafi aka riƙa biyan ma'aikatansa da ciyar da majinyatansa. Wannan ita ce amsar masu cewa in ba a karɓa daga ma'aikaci ba sai a cire daga magani: akwai hanya ta uku, ita ce baitulmali da waƙafin masu hali.

Saboda haka muna kira ga shugabanni su ɗauke wa ma'aikacin jinya duk ɗawainiyar da aikin kansa ya haifar, kuma kada su kwaikwayi kuɗin ƙofa idan wani ya kawo musu shawararsa da sunan neman kuɗin shiga. Attajiran Gwandu da Kalgo su tuna cewa rumfar ajiye babura, ko fitila mai aiki da hasken rana a asibiti, sadaka ce mai gudana. Ku kuma ma'aikata, zaluncin da aka yi muku bai halatta muku ku fanshe a kan majinyaci da karɓar na goro ba, domin shi ma a bakin ƙofa yake, kuma ya fi ku rauni.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.