KYAUTATA WA WANDA BA MUSULMI BA DABAN, YARDA DA ADDININSA DABAN



Makon jiya naƙuda ta kama matar maƙwabcina Kirista cikin dare, na kai su asibiti a motata. Bayan Asuba wani matashi ya tare ni a ƙofar masallaci: "Malam, anya wannan ba jiɓintar kafirai ba ne?" Kwana biyu sai ga maƙwabcin ya zo godiya, yana cewa: "Liman, ashe kai ma ka yarda duk hanya ɗaya muke bi."

Su biyun kuskurensu ɗaya: sun cakuɗa kyautatawa da amincewa.

Kyautatawa babin mu'amala ce: ka kare jininsa, dukiyarsa da mutuncinsa, kada ka tilasta masa shiga addininka. Amincewa kuwa babin aƙida ce: ka ce abin da yake kai gaskiya ne. Ta farko an umarce mu da ita, ta biyu ba mu da ikon bayar da ita.

Ku duba aya ta 8 a Suratul Mumtahana. Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, balle yi musu adalci. Amma da Ƙuraishawa suka nemi a riƙa karɓa-karɓa wajen bauta, Suratul Kafirun ta rufe ƙofar. A Sahihul Bukhari, Annabi (SAW) ya je duba yaron Bayahude da ke masa hidima yana jinya, kuma a zaman nan ya kira shi zuwa Musulunci. Kun ga, dubiya ba ta hana da'awa ba.

A Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsare maharan a waje. Bai sauya aƙida ba, ita ce ma ta sa shi.

To me na ce wa maƙwabcina? Wallahi ya yi min nauyi, amma na ce: "Baban Maryamu, ba hanya ɗaya muke ba. Ina maka kwaɗayin Musulunci. Amma ko ƙarfe nawa ne, ƙwanƙwasa min ƙofa." Ya yi shiru, sannan ya yi dariya: "Ni ma haka nake maka fata a coci."

Muka yi musafaha, ba wanda ya yaudari wani.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta.