Hanyar Karmel Tana da Nisa

Karatu: 2 Sarakuna 4:18-37
Ayar haddacewa: 2 Sarakuna 4:30

Karatunmu na yau ya fara ne a gona, lokacin girbi. Yaro ya bi mahaifinsa wurin masu girbi, sai ciwon kai ya kama shi. Ku lura da abin da uban ya yi. Ya sa bara ya ɗauki yaron ya kai wa uwarsa. Har yau haka abin yake a gidajenmu da yawa: yaro mai lafiya na kowa ne, amma in ciwo ya zo, ya zama na uwarsa.

A cinyarta yaron ya zauna har tsakar rana, ya cika. Matar nan ba ta tara maƙwabta ba. Ta kwantar da shi a gadon annabi Elisha, a ɗakin da ita da mijinta suka gina masa, ta ja ƙofa, ta nemi jaki da bara guda. Mijin ya tambayi dalilin tafiyar, tun da ba Asabar ba ce, ba kuwa tsayuwar wata ba. Daga Shunem zuwa Dutsen Karmel ya haura kilomita 20, ga rana, ga dawowa. Ta gaya wa baran ya kora jakin, kada ya sassauta.

Bari in faɗa muku abin da ya sa nassin nan ba ya barina in zauna lafiya. Shekarun baya, ina aikin bishara a wani ƙauye bayan Zuru, wata 'yar'uwa ta kawo mini jaririnta. Kansa yana ta girma fiye da jikinsa, maɗiga ta kumbura, idanunsa suna kallon ƙasa. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ya gaya mata ruwa ne yake taruwa a kan, sai ta kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da likitocin aikin ƙwaƙwalwa. Ni kuwa, da zafin ƙuruciya, na ce ta dakata mu yi azumin kwana bakwai tukuna. Muka yi. Kan ya ƙaru. A rana ta takwas ta dube ni ta ce, "Malam, ka yi mini addu'ar hanya kawai. Yesun da yake nan, yana Sakkwato." Ta sayar da akuyarta ta shiga mota. Ni mai takardar makarantar tauhidi, matar da ba ta iya karatu ba ce ta koya mini bangaskiya ranar.

Likitoci suka sa wa yaron wata siririyar roba a ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, domin ruwan ya riƙa sauka. Amma ba a nan tafiya ta ƙare ba. Robar nan tana iya toshewa, ƙwayoyin cuta suna iya shiga ta. In irin yaron nan ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko zazzaɓi, ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa kemis. Sau nawa matar nan ta koma, ni ma na daina ƙirgawa.

'Yan'uwa, mun gaskata da warkarwa. Na ɗibiya hannu a kan marasa lafiya cikin sunan Yesu na ga sun tashi, ba zan musa ba har in mutu. Amma wanda ya ce wa uwa zuwa wurin likita rashin bangaskiya ne, ya ɗora mata kayan da Ubangiji bai ɗora mata ba. Allahn da ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, shi ne ya sa Ishaya ya ce a manna curin ɓaure a kan marurunsa. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, bai ce ya tuba daga aikin ba. Masu kawo labarin sarki Asa a 2 Tarihi 16:12 su sake karantawa da kyau. Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba.

Yanzu ku dubi abin da ya faru a Karmel. Elisha ya aiki Gehazi da sandarsa ya yi gaba. Sandar annabi ce fa, ba ta kowa ba. Amma matar ta rantse ba za ta rabu da Elisha ba, sai ya tashi ya bi ta. Gehazi ya ɗora sandar a fuskar yaron, ko motsi. Ba ina cewa likita Elisha ne ba. Likita mutum ne, yakan gaji, yakan yi kuskure. Abin da nake so ku gani shi ne uwar ta san wurin da taimakonta yake, ta ƙi karɓar abin da ya fi kusa don kawai ya fi kusa. Mutane za su tambaye ki, 'yar'uwa, me ya sa sai Zariya, me ya sa sai Jos, sai Dala a Kano don ƙafar yaro, sai Galmi, alhali ga mai allura a bakin kasuwa? Wanda ya san tarihin ciwon ɗanki, ya riƙe katinsa, ya san jininsa, ba ɗaya yake da wanda zai fara lalube yau ba. Uwar mai sikila ta san wannan sarai. Kada kuma ki ba da kuɗin motarki ga mai sayar da man shafawa da sunan annabci. Gehazi ɗin nan, in kun karanta sura ta 5, kwaɗayin kuɗin Na'aman ne ya kashe masa aiki.

Akwai wani abu kuma. Da matar ta kama ƙafafun Elisha, Gehazi ya matso zai ture ta. Elisha ya hana shi, ya ce ranta a ɓace yake, ya kuma yarda cewa Ubangiji bai bayyana masa abin da ya faru ba. Annabi ke nan ya ce bai sani ba. Mu kuwa da mun ga yaro mai ciwo sai mu fara bincike: zunubin wa, la'anar wane gida, wace tsohuwa ce ta kama shi. Yesu ya riga ya rufe wannan magana a Yohanna sura 9.

Kai uba, girbi ba zai gudu ba. In ba za ka iya tafiya ba, kada ka bar ta tana roƙon kuɗin mota kamar ɗan na wani ne. Ikilisiya kuma, matar Shunem mai arziki ce, tana da jaki da bara. Namu da yawa ba su da ko ɗaya, sai mu. Uwa tana kwana a kan tabarma a barandar asibiti mako uku, a garin da ba ta san kowa ba, alhali muna da reshe a garin. Waya guda daga fasto zuwa fasto ta isa a kai mata tuwo da ruwan wanka. Zumuntar mata, wa yake duba yaran da ta bari a gida? Matasa, wa zai yi mata noma, wa zai ba da jini?

Ɗan matar Shunem ya yi atishawa sau bakwai ya buɗe ido. Yaron da na ba ku labarinsa yana da rai, amma robar tana jikinsa har yanzu, kuma sai da ya daɗe kafin ya fara tafiya. Uwarsa takan tsaya ta ba da shaida, ta ɗaga hannu ta ce Haleluya, wata mai zuwa kuma ta sake kama hanyar tasha da asuba.

Addu'a: Ya Uba, cikin sunan Yesu, ka tsare kowace uwa da kowane uba da suke kan hanya yau da yaro mara lafiya. Ka kiyaye su daga hatsari da miyagun mutane. Ka ba likitoci hikima da haƙuri, ka buɗe hanyar kuɗin magani, ka miƙa hannunka ka warkar. Ka gafarta mana inda muka tsayar da wanda ya kamata mu raka. Amin.